Injiniya Tamba Ba Ya Ɗaura Fulogi da Yatsa

Duk wanda ya ce Birnin Kebbi ba ta da masana, to bai taɓa zama a rumfarmu ta bakin unguwar Gesse ya ga Injiniya Tamba yana saukowa daga babur ba. Kai, Allah Ya yi halitta a wurin nan! Farar shadda, farar hula, agogo mai fuska uku, biro huɗu a aljihun gaba. Shekara goma sha biyu yana gyaran injin ban ruwa, amma in ka ga tafin hannunsa sai ka rantse na jariri ne. Shi ya sa muke masa kirari da Hannun Madara. Yana jin daɗi, mu ma muna jin daɗi.

Karatu kuwa ba a magana. Ya taɓa zuwa wani kwas na mako uku a Kaduna, ya dawo da takarda mai tambarin ruwan zinariya da hoton da ya tsaya kusa da wani Bature. Mu ne muka mai da mako ukun nan shekara uku. Kafin labarin ya isa fadamar Zauro, Kaduna ta zama Jamus. Ba shi ya faɗa ba, a yi masa adalci, iyakarsa dai bai ƙaryata ba. Mu ne kuma muka zaɓe shi Ciyaman na ƙungiyar masu gyaran injin ban ruwa, ƙungiyar da mutanenta bakwai ne in an haɗa da mai shayi. Mai ba ku labarin nan yana cikin waɗanda suka ɗaga hannu ranar zaɓen, har ma hannu biyu ya ɗaga.

Ga wanda bai san aikin ba, kan injin ban ruwa na alminiyam ne, wato goran ruwa in ji tsofaffi, ƙarfe mai laushin hali. A tsakiyarsa akwai ramin da fulogi ke shiga, mai zare-zare kamar bakin kwalba, makanikai na ce masa tiredi. Fulogi kuwa baƙin ƙarfe ne, ba ya jin lallashi. In ya shiga a karkace aka matsa masa, sai ya cinye tiredin tas, ramin ya koma sumul, inji ya zama kayan kallo. Don haka kowane makanike a ƙasar Kabi yakan bar inji ya huce, ya yi Bisimilla, ya murza fulogi da yatsu uku har ya ji ya zauna daidai, sannan ya ɗauko sifana. Ko manomin da bai taɓa leƙa aji ba ya san wannan.

Injiniya ya fi ƙarfin wannan ƙauyanci. Shekara biyu da suka wuce ya sa aka kawo masa wata na'ura mai batir, wadda masu faci ke kwance tayar babbar mota da ita. Bindigar noti ake ce mata. Ranar da ta iso, a kan bencin mai shayi ya tsaya ya yi mana jawabi.

"Ku duba nan, jama'a! Wanga zamani na tekinoloji na. Yatsa na cin tuwo na. Injiniyan da yas san sistem ba shi taɓa ƙarhe da hwatar jikinai. Kun taɓa jin an ce Bature ya murza fulogi da yatsa? Abin da yah hana Afirka tashi ke nan. Yatsa!"

"Sai Injiniya!" muka ce. Wasu daga cikinmu har ɓoye yatsunsu suka yi a aljihu.

To, Injiniya yana da suruki, Baba Riskuwa, mahaifin matarsa Mansura. Dattijo ne mai ƙarancin magana, manomin shinkafa a fadamar Zauro. Fangali arba'in gare shi, da baki goma sha bakwai da ke jiran abin da fangalin nan za su bayar. Tsakaninsa da Injiniya akwai kunya irin ta mutanen da. Shekara goma sha ɗaya ba su taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba, ba su taɓa haɗa ido ba. Injiniya kan cire takalmi tun daga nesa ya durƙusa, tsohon kan amsa yana kallon ƙasa, shi ke nan an gama hira.

Bazara ce, rana kamar ta fasa kai, shinkafa ta yi ciki tana shirin fidda kai. A irin wannan mako, in ta kwana biyu ba ruwa, an shiga uku. Injin tsohon kuwa lafiyarsa lau. Ku riƙe wannan da kyau, don Allah: lafiyarsa lau, yana ta zuba ruwa tun asuba. Sai ranar Talata Injiniya ya ga bai kamata duk fadama ta amfana da iliminsa ban da gidan surukinsa ba. Ya ɗauki bindiga, mu huɗu muka rufa masa baya, har da Ummaru sakataren ƙungiya, muka isa gonar da hantsi.

Yaya mutum zai ce wa mijin 'yarsa a'a? Baba Riskuwa ya dubi injinsa, ya dubi ƙasa, ya ce, "Madalla."

Injiniya ya kashe inji. Bai jira ya huce ba, manya ba su jira. Ya naɗe hannun riga sau ɗaya, ya cire tsohon fulogin da zafinsa, ya sa sabo a bakin bindiga, ya ɗora. Wallahi a karkace ya ɗora shi. Mu huɗu muna tsaye, ido takwas, babu makaho a cikinmu. Ummaru har ya buɗe baki, muka ce to, yau za a yi ta. Abin da ya fito daga bakin nan shi ne, "Tubarkalla."

Tarrrr! Bindiga ta yi gurnani, ta turje, sannan ta saki tana juyawa salin alin. Wani farin gari mai walƙiya ya zubo a gefen ramin.

"Kun ji?" in ji Injiniya. "Ya zamna."

Aka ja igiya. Fau! Fulogi ya tashi sama, ya wuce ta gefen kunnen Ummaru yana fito, ya faɗa can cikin fangali na uku. Tsuntsaye suka watse. Muka zuba wa Injiniya ido, muna jiran mu ga ta inda mai ilimi zai ɓullo. Bai ba mu kunya ba. Ya goge yatsunsa da hankici, ya gyara hula.

"Alhamdu lillahi da niz zo yau. Wanga inji na da ɓoyayyar cuta, firesha ta yi mai yawa. Da ban zo ba, da wata rana ya hwashe da mutum."

"Allah shi saka da alheri, Injiniya," in ji tsohon, yana kallon ƙasa. Mu kuma muka ce amin, da ƙarfi.

Ranar Laraba aka shiga abin da Injiniya ya kira matakan gaggawa. Mataki na ɗaya, aka yanko gwangwanin madara aka naɗa wa fulogi. Ya tashi sama. Mataki na biyu, zaren buhu da gam. Ya tashi sama, wannan karon har da hayaƙi. Mataki na uku bayani ne kawai, na kusan awa guda, a kan yadda ƙarfen zamani ya lalace. Muna zaune a inuwa muna gyaɗa kai, ƙasar fangali tana tsagewa a gabanmu.

Za ku ce me ya hana tsohon ya ari inji? An ba shi. Maƙwabcinsa Kalilu ya tako da kansa da azahar ya ce ga nasa, a ja ruwa ko na rabin yini ne. Baba Riskuwa ya yi godiya ya ce injinsa na hannun masana. Ku gane, aron inji a ranar nan daidai yake da shela a kasuwa cewa mijin 'yarsa ya ɓata masa inji. Ya gwammace shinkafa ta sha rana da a ce Mansura na auren mai ɓarna. Muka yi ta yaba dattakonsa, muna cewa irinsu sun ƙare. Rana dai ba ta san dattako ba, ta ci gaba da aikinta.

Da safiyar Alhamis Mansura ta ajiye wa mijinta koko, ba ta koma ɗaki ba.

"Baban Hanifa, shinkafar Baba ta naɗe ganye. Inna ta aiko, ta ce jiya ko tuwo bai taɓa ba. Don girman Allah ka kai kan injin ga Argungu, wurin Babatunde mai tana."

"Ke kuma ina kinka san wani Babatunde?"

"Kowa ya san shi," ta ce, ta ɗauke kai.

Bai tambayi dalilin da kowa ya san shi ba. Gaskiya ita ce tsoro ya kama shi. Yana ƙaunar tsohon nan iyakar yadda mutum irinsa ke iya ƙaunar wani, kuma ya ga ganyen da idonsa. A Birnin Kebbi akwai masu tana, wato masu injin sassaƙa ƙarfe, amma duk sun san farar shaddar nan. Argungu ta fi rufin asiri. Ya kwance kan injin, ya cusa a buhu, ya gaya wa zuciyarsa cewa ba neman taimako zai je ba, musayar ra'ayi ce tsakanin ƙwararru. Ummaru ya goya shi a babur suka kama hanya.

Shagon Babatunde na bayan kasuwa. Tsohon Bayarabe ne da ya shekara arba'in a Argungu, Hausarsa ta fi ta wasunmu, hannuwansa baƙi ƙirin da giris. A ƙofar shagon akwai benci, a kan bencin akwai mutum huɗu, kowa da buhu a cinya. Dukkansu manoman Zauro ne. Suna hango farar hula suka miƙe zumbur.

"A'a, Injiniya! Sannu da zuwa!"

Buhuna suka shige ƙarƙashin benci da ƙafa. Ɗaya ya ce kifi ya zo saye. Ɗaya ya ce gwaggonsa ce ba lafiya. Sauran biyun suka ce rakiya suka yo. Injiniya ya sa musu albarka, ya sanar da su cewa shi ma rangadi ya kawo shi a madadin ƙungiya, sannan ya zazzage nasa buhun a kan tebur.

"Malam, duba min wanga. Wani baƙauye na yaɗ ɗauki aikin da ba nashi ba. Irin su ka ɓata muna suna, ba karatu, ba satifiket, sai ƙarhin hali. Da ni ka mulki, da duk na sa an kama su."

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Amma ban taɓa jin wanda ya hau nasa tudun ya yi ta jifan kansa da kansa ba sai ranar.

Babatunde ya jawo kan injin gabansa. Ya zura ɗan ƙaramin yatsansa a ramin, ya juya shi a hankali, sai ya yi murmushi kamar wanda ya ga ɗan garinsu a tasha.

"Ai na san hannun ga," ya ce. "Shekara biyu ke nan yana aiko min da aiki. Kullum da zahi shika ɗaurawa, kullum da na'ura, kullum kuma gehen salansa, wajen bututun hayaƙi, shika karkata. Ban taɓa ganin mutumen ba. Duk wanda nit tambaya sai shi ce injin ne ya lalace da kansa. Amma wallahi ina sa shi addu'a. Kahin shi ɓullo, har na hwara shirin komawa gida don rashin aiki."

Manoma huɗu suka duƙufa nazarin yatsun ƙafarsu. Tari ya sarƙe Ummaru, ya fita neman ruwa.

Injiniya ya waiwaya wajen benci. Shekara biyu. Ya dubi mai sayen kifi, ya tuna makon jiya ya yi masa sabis. Ya dubi mai gwaggo, shi ma haka. Ya dubi bakin buhunan da ke leƙowa daga ƙarƙashin benci. Na tsawon karatun Fatiha guda, Tamba ɗan Muhammad Sani ya san gaskiya tsirararta, kuma ta yi masa ɗaci. Sai dai Allah ba Ya barin manyan mutane cikin irin wannan hali da daɗewa. Ya yi gyaran murya.

"Na gane. Akwai mai kwaikwayona. Wani ya sayi irin kayan aikina ba tare da horo ba. Ƙungiya za ta kahwa kwamiti."

"Gaskiya ne, Injiniya," in ji manoma baki ɗaya.

"A kahwa," in ji Ummaru daga waje.

Babu wanda ya ambaci sunan Baba Riskuwa, amma duk sun san kan injin wane ne, sun kuma san halin da gonarsa ke ciki. Sai suka ce ai su ba sauri suke ba, a fara da na Injiniya. Babatunde ya ɗaure kan injin a maƙalar da ke riƙe ƙarfe, ya ɗan faɗaɗa ramin. Ya shafa giris a ƙarfen yanka tiredi, ya sa shi tsaye cak, ya murza gaba kaɗan, ya dawo baya kaɗan, ya fidda ya share, ya sake. Ba gaggawa, kamar mai yi wa jariri aski. Da ya gama sai ya sassaƙo wani ɗan zobe mai zare ciki da waje, bushin suke ce masa, ya murza shi cikin ramin, ya wanke da fetur. Sannan ya yi Bisimilla ya ɗaura fulogi da yatsu uku, ya ɗan ƙara masa da sifana. Duk wannan lokaci Injiniya na tsaye a kansa yana ba da umarni, sai dai kowane umarni na zuwa ne bayan an riga an yi abin.

"Yawwa. Haka nika so."

Da za su tafi Babatunde ya ce, "In ka ga baƙauyen ga, ka hwaɗa mai da yatsa aka hwarawa." Injiniya ya yi alkawarin isar da saƙo.

La'asar sakaliya suka iso Zauro. Mu da muka rage muna can muna jira, tare da Kalilu da wasu maƙwabta. Fangalin da ke gangare sun yi laushi amma da sauran rai. Na wajen tudu kuwa, goma sha biyu cur, sun yi fari fat. Baba Riskuwa na tsaye a tsakiyarsu shi kaɗai. Ya tsinko kan shinkafa guda, ya murza a tafin hannu, ya hura. Babu abin da ya rage a hannun. A nan dariya ta ƙare mana. Abincin wata huɗu ne na gidan nan ya tashi, kuma kunya ta kama mu, don mun san ba bindiga kaɗai ta yi aikin ba. Da ɗaya daga cikinmu ya ce "a karkace yake" ranar Talata, da ba a zo nan ba.

Ummaru ya durƙusa ya mai da kan injin, ya ɗaure notuna. Saura a ja igiya. Sai Injiniya ya sunkuya ya ƙura wa fulogin ido, ya girgiza kai.

"Wanga ɗaurin hannu na. Bai kai sitanda ba. Miƙo min bindiga."

Jama'a, kun san abin da muka yi? Aka miƙa masa. Na rantse aka miƙa masa! Fangali ashirin da takwas na numfashin ƙarshe, ga mu tsaye ƙato-ƙato da gemu, kowa na jiran wani ya yi magana.

Baba Riskuwa ne ya fito daga cikin busasshiyar shinkafa. Ya tako a hankali har ya tsaya tsakanin surukinsa da injin. Bai ɗaga ido ba, ko a ranar. Ya kwance buzun sallarsa daga kafaɗa, ya shimfiɗa a inuwar mangwaro.

"Injiniya," ya ce, "mu manoman Zauro mun yi shawara."

Babu wata shawara da aka yi. Muka kasa kunne mu ji abin da muka yanke.

"Mun ga bai kamata mutum awa kai shi riƙa duƙawa gaban inji ba. Abin kunya na gare mu. Daga yau kai ne Uban Injunan hwadamar ga baki ɗai. Uba kuwa ba shi aiki. Zamnawa shikai, shi duba, shi sa albarka. Bindigar ga a ba ni in aje ta ɗaka, jikoki su gani."

"Haka munka yanke!" in ji Kalilu. Muka ɗauka gaba ɗaya, da kabbara da tafi, kamar an ce ga watan Salla.

Idon Injiniya ya cika da ƙwalla. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya miƙa bindigar da hannu biyu, ya ce nauyi ne babba amma ba zai ƙi kiran jama'a ba. Yana zama a kan buzu Ummaru ya ja igiya. Inji ya yi tari sau biyu ya kama, ruwa ya ɓulɓulo daga bututu ya bi kwalbati, ƙasa na sha tana ƙara. Tsohon ya sa bindigar a hammata, ya ɗauki fartanya ya tafi buɗe wa fangali hanya. Ashirin da takwas ɗin sun tashi, goma sha biyun ba su dawo ba.

Mako na zagayowa muka yi walima. Ƙungiya ta saya masa kujerar roba da laima. Tun daga lokacin, kullum da hantsi za ka gan shi a bakin fadama, hannu a goye a baya, yana zagayawa yana duba yadda ake murza fulogi da yatsa, yana cewa, "Ci gaba, ina kallo." Manoma kan gaishe shi da murna ta gaskiya, irin wadda ba su taɓa yi masa ba. Kwamitin neman mai kwaikwayo kuma yana nan yana aiki, mai ba ku labari ne ma'ajinsa.

Bayan an gama girbi aka kira taron ƙarshen shekara a rumfa. Uban Injuna ya hau bencin mai shayi, shadda na ɗaukar ido, ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Jama'a, ba yabon kai ba. Tun randa anka ɗora min wanga muƙami, ko tiredi guda bai sake lalacewa ba a hwadamar Zauro. Ko guda! Ina tambaya taku, wanga aikin wa na?"

"Naka na, Injiniya!" muka amsa, har rumfa na girgiza.

Shekara goma sha biyu muna yi wa mutumin nan kirari. Ranar ce kaɗai ba mu yi ƙarya ba.